Yadda Muka Kai Kwantaccen Cikina Nijar

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. Wannan ta tare ni a bakin rijiya, waccan ta aiko in je in ba ta labari, Luba kuwa kullum sai ta shigo da sunan aron rariya, alhali tata ta fi tawa sabunta. To ga shi zan faɗa gaba ɗaya, daga fitarmu Aliero har komowa. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, ni kuma in samu in tuƙa tuwona cikin kwanciyar hankali.

Duk kun san abin da ya fitar da ni. Aurena da Malam ya doshi shekara shida, ko ɓari ban taɓa yi ba. Al'adata kuwa tun ina budurwa a Maiyama ba ta da alkawari. Wani lokaci ta zo, wani lokaci ta yi wata uku ba labari, sai na fara sa rai, in fara tofar da yawu, sannan ta faɗo mini kamar baƙon da ba ya sallama. An kai ni wani ɗakin shan magani a Jega, aka ba ni maganin ƙarin jini mai warin ƙusa. Na sha saiwa, na sha jiƙo, na sha tsimi mai kanwa har harshena ya daina gane gishiri. A wannan karon sai ta ɗauke tun kafin azumi, damina ta zo ta wuce, shiru. Inna, uwar Malam, ta dube ni ta ce ba wani abu ba ne, ciki ne ya shiga ya kwanta, ranar da Allah ya so zai tashi. Ni ma na yarda. In na kwanta har motsi nakan ji a gefen cibiya, in ɗora hannu in yi masa magana a hankali don kada Malam ya ji.

Wanda ya kawo zancen asibitin shi ne Alhaji Illa, mutumin Ƙonni ta ƙasar Nijar da ke sauka gidanmu in ya kawo irin albasa. Ya gaya wa Malam cewa can gaba da garinsu akwai inda ake duba mata da na'ura, a ga abin da ke cikin ciki kamar yadda ake kallon tukunya in an ɗaga murfi. Malam ya yi ta juya maganar har aka gama dashe, sannan ya ce in shirya. Inna ƙafafunta ba sa ɗaukar doguwar mota, saboda haka aka aika Maiyama a gaya wa Gwaggo Ige, ƙanwar babana, ta raka ni.

Wadda ba ta san Gwaggo Ige ba, to ita ta riƙe ni ina yarinya. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma duk Maiyama an san tana da kwantacce tun zamanin mijinta na fari. Muna yara in muna guje-guje kusa da ita sai ta dafe ciki ta ce mu yi a hankali kada mu tashi ɗan'uwanmu ba shiri. Yanzu kanta ya yi fari fat, zancen kuwa bai canja ba.

A tashar Jega muka haɗu da hantsi. Ta zo da tabarma, da buta, da ƙwaryar fura a ɗaure cikin zane, da wani ƙullin goro a ƙugu. Malam kuma ya taho da rabin buhun albasar Aliero, wai tsaraba ga Alhaji Illa. Tun a nan wahalarsa ta fara, domin Gwaggo surukarsa ce, ba ya iya haɗa ido da ita balle ya ci abinci a gabanta. Ya durƙusa ya gaishe ta yana kallon tayar mota, ita kuma ta amsa tana kallon rumfar mai shayi. Muka samu fijo mai kujera uku. Da kwandasta ya ce Gwaggo ta matsa a ƙara mutum, sai ta ce ai su biyu ne a wurin. Ya leƙa bai ga kowa ba. Ta nuna cikinta. Yaron ya dubi furfurarta, ya dubi cikin, ya rufe ƙofa. Malam ya shige can kujerar baya, shi da albasarsa.

Kun san ba a daɗe da yanke mana jiharmu daga Sakkwato ba, zancen da ke bakin maza ke nan a ko'ina. Wani dattijo mai barkwanci a gaba ya ce ai yanzu mu mutanen Kabi baƙi ne a Tambuwal, sai da takarda ake shiga. Gwaggo ta ɗauka da gaske. Da muka iso wurin allon da aka kafa a kan iyakar jiha, ta zaci Nijar ɗin ce muka kawo, ta tura goronta can cikin zane, ta fara karanta duk addu'ar da ta sani. Sai da muka wuce ta ga shanu irin namu, da mata masu tallar nono irin namu, ta ce ashe ƙasar wajen ma ba wani abin a zo a gani. Ba wanda ya gyara mata, sai da na raɗa mata a kunne cewa da sauran tafiya.

Mun wuce Shagari kaɗan taya ta fashe. Muka fito muka zauna a inuwar wata bagaruwa, Gwaggo ta dama fura, ta ce in kai wa "wancan yaro". Malam ya karɓi kwanon ya zaga bayan wata ƙatuwar kuka don ya sha a ɓoye. Ashe akwai gidan tururuwa a wurin. Sai ga shi ya fito da sauri yana kakkaɓe wando, da ya ga Gwaggo na kallo kuma sai ya rage tafiya, ya daure, yana takawa a hankali kamar limamin da zai hau mumbari, tururuwa na cin ƙafarsa. Na cusa mayafi a baki. Har muka shiga Sakkwato ina jin shi a baya yana sosawa da buhun albasa.

A Sakkwato ba mu tsaya ba sai don salla da sauya mota. Motar Illela ta fi ta farko tsufa, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, amma ta kai mu. Da la'asar muka isa iyaka ta gaskiya. Na ɓangarenmu suka duba katin Malam, suka tambayi inda za mu, suka ce Allah ya ba da lafiya. Sai muka taka muka isa ga nasu, waɗanda ake kira jandarma, masu ƙananan huluna a karkace da wando a ɗame. Ɗaya ya miƙo hannu ya ce wa Malam, "Mushe, kawo takarda."

Gwaggo ta ajiye tabarma. Duk kunyar surukuta ta manta da ita.

"Wa kaka ce ma mushe? Mutum da ranshi, tsaye gabanka, shina numfashi?"

Jandarman ya tsaya yana kallonta, sannan ya fashe da dariya, ya kira 'yan'uwansa ya maimaita musu. Wani daga cikinsu ya yi mata bayani cewa a bakin Faransa haka ake girmama namiji, kamar a ce malam ko alhaji. Gwaggo ta ce to Allah ya shirya, ƙasar da ake girmama mutum da mushe, ko da me ake zaginsa.

Yanzu kuma, Luba, ga abin da kika ja mini. Ke kika ce asibitin Turawa ba sa karɓar fitsari sai na farkon safiya, gara in tafi da nawa daga gida. Na bi shawararki, na zuba a kwalbar lemo, na toshe, na naɗe a tsohon kallabi, na sa a ƙasan jaka. Kwalbar nan ta sha ranar Jega, ta sha ta Shagari, ta sha ta Sakkwato. Da ma'aikacin kwastan ɗinsu ya zazzage jakata, ita ya fara ɗagawa. Ya ɗaga ta sama yana duba ta da hasken rana, ya tambaye ni mene ne. Gwaggo ta yi caraf ta ce maganin sanyi ne. Mutumin ya ce shi ma yana fama da sanyi, ya cire toshiyar ya kai hanci. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta haɗe wuri ɗaya haka ba. Ya miƙo mini ita da ɗan yatsa biyu, ya kawar da kai, ya ce, "Madam, rufe abinki." Bai ƙara taɓa ko da butar Gwaggo ba.

Abin da ya ƙarasa fitar da mu shi ne sunan garinmu. Babbansu ya ji an ce Aliero sai ya taso, ya ce garin masu ɗori? Ashe ƙanensa ya taɓa karyewa a cinya, a nan aka ɗora shi, yanzu har ƙwallo yake bugawa. Babban nasu ya ce abin mamaki, duniya na zuwa garinku neman magani, ku kuma kun fito nema. Malam ya ce ai wannan ba ƙashi ba ne. Mutumin ya dube ni sau ɗaya, ya gane, ya ce mu wuce, Allah ya sa a dace.

Gidan Alhaji Illa muka sauka a Ƙonni. Tun daga ƙofar gida na ga Malam ya fara rage murya, domin rumbunan albasa ne jere, ja wur, kowace kamar an goge ta da mai. Ga shi kuma da rabin buhu a kafaɗa. Alhaji ya karɓa da hannu biyu ya yi ta godiya, amma ina ganin gefen bakinsa na rawa. Kafin magariba sun zauna a kan tabarma da wuƙa, wannan ya yanka tasa, wancan ya yanka tasa, kowa na cewa tasu ta fi yaji ta fi daɗewa a rumbu, idanunsu duka na zubar da hawaye. Hajiya Rabi, matar gidan, ta zo ta kwashe duka biyun ta zuba a miya ɗaya.

Mutanen kirki ne ƙwarai. Hausarsu kusan irin tamu ce, sai dai sun cusa mata Faransanci kamar yadda namu 'yan boko ke cusa Turanci. Abincin dare tuwon gero ne da miyar kuɓewa, ba bambanci, sai wani kwaɗon zogale da suke kira kopto, wanda na yarda sun fi mu iya shi. Da safe ne aka kawo burodin da kuke ta tambaya. Gaskiya ne, tsawonsa ya kai hannu, bayansa kuma tauri kamar ɓawon rake. Gwaggo ta gwada shi da sauran haƙoranta, ta ajiye, ta ce wannan a ba makiyayi ya kora shanu. Sai da Hajiya ta nuna mata a tsoma shi a shayi. Shayin maza kuma wani abu ne daban, a 'yan kofunan gilashi kamar na kwalli, ana ta ɗaga buta sama ana tsiyayawa har ya yi kumfa, a sha, a sake dafawa, a sake sha. Malam ya sha na farko ya ce kamar an dafa maɗaci da sukari.

Daga Ƙonni muka hau wata mota zuwa garin asibitin. Da muka sauka na tambayi wata mai tallar ƙosai inda zan ga likita. Ta nuna mini wani dogon gini. Na ce ba ginin nake tambaya ba, likitan. Ta sake nuna ginin. Muka yi ta yi har wani mai keke ya raba mu, ya ce a nan ginin shi ne likita, mutumin da ke ciki kuma lokotoro. Gwaggo ta ce komai nasu a juye yake.

Mun samu layi ya yi tsawo. Aka ba ni kati, aka auna nauyina a sikeli irin na buhu, aka ɗaure mini hannu aka busa. Da aka zo maganar fitsari na fito da kwalbata da ƙarfin gwiwa. Ma'aikaciyar ta tambayi daga ina, na ce daga Aliero, jiya da asuba. Ta riƙe ciki tana dariya, ta ce ko na zaci a Nijar ba a yin fitsari ne. Ta ba ni wani ɗan kofi ta nuna mini bayan gida. Kwalbarki, Luba, tana can a ramin ƙasar waje.

Muna dab da shiga sai aka rufe ƙofa, wai rana ta yi tsaka. Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan a ƙasar. Da azahar kowa sai ya tafi ya kwanta, ma'aikaci da ɗan kasuwa, har mai gadi, sai rana ta yi sanyi a dawo. Na ga wata ma'aikaciya ta ɗaura ɗankwali ta hau ƙaramin babur da kanta ta yi gida, ba wanda ya ko waiga. Muka koma rumfunan da masu jinya ke zama, kowa da murhunsa na duwatsu uku. Kusa da mu wata Buzuwa ce, doguwa, hannuwanta duk shuni. Hausarta ba ta da yawa, amma da ta zana alamar jinjirin wata a sama da yatsa, ta girgiza kai, ta dafa mararta, na gane ciwonmu ɗaya. Ta ba mu cuku, wani busasshen nono mai faɗi kamar ƙirgi, mu kuma muka ba ta goro. Mun wuni tare muna hira da hannu, kuma ban taɓa jin wadda ta fahimce ni kamarta ba.

Da yamma aka kira ni. Lokotoron mace ce, 'yar ƙasar, gajera mai tabarau, ba ta fi ni da yawa ba. Ta ce ina mijin. Na ce yana waje. Ta ce a kira shi, ai ba ni kaɗai ke neman ɗan ba. Malam ya shigo ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Gwaggo kuwa ba wanda ya kira ta, ta shigo da tabarmarta ta zauna a ƙasa.

Matar ta yi mini tambayoyin da ko uwata ba ta taɓa yi mini ba. Yaushe rabona da fashin salla. Na ce azumin bana ban sha ko ɗaya ba. In ta zo takan daɗe, takan yi yawa, da ciwo ko babu. Ko nono na fitar da ruwa. Ko na ƙara ƙiba bayan aure. Sannan ta kama haɓata ta juya ta wajen taga, ta ce gashin nan da nake tsigewa, tun yaushe yake fitowa. Shekara shida ina ɓoye wa Malam 'yan gashin nan, ina tsige su in ya tafi gona, ga shi an tona ni a ƙasar mutane. Na saci kallonsa. Yana ta nazarin silin ɗakin.

Daga nan ta sa ya fita, ta kwantar da ni a wani gado mai tsawo, ta shafa mini wani abu mai sanyi da yauƙi a mara, ta ɗora kan na'urar tana zagayawa. A gefe akwai ƙaramin talabijin, ba komai cikinsa sai fari da baƙi suna motsi kamar hadari. Ina jira ta ce ga kansa, ga ƙafarsa. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta juyo da talabijin ɗin wajena, ta nuna wani wuri da yatsa.

"Wannan ita ce mahaifarki. Lafiyarta ƙalau, ba ƙari, ba rauni. Amma ba kowa a ciki, 'yar'uwa. Ba mai barci, ba mai farke."

Na ce to motsin da nake ji fa. Ta ce hanji ne, da kuma son da nake yi. Ba ta faɗa da izgili ba, ta ma riƙe hannuna. Ban san lokacin da hawaye ya cika mini kunnuwa ba, ina kwance. Wata da watanni ina hira da shi, har suna na yi masa a zuciya. Sai na ji kamar an yi mini rasuwa, amma ba gawa, ba wanda zai zo gaisuwa.

Ta bar ni na yi kukana, sannan ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce mace tana da ƙwai da ke sauka duk wata, in ya sauka bai haɗu da rabo ba sai jini ya biyo. Nawa suna nan da yawa, ta ma nuna mini su jere kamar tsakiya a zare, sai dai ba sa nuna su sauka a kan lokaci, shi ya sa wata ke wuce ni. Ta ce matsala ce da suke gani kullum, kuma da yawa suna haihuwa in an taimaka musu, ko da yake ba ta yi mini alkawari ba, ta ce wannan na Allah ne. Za ta ba ni ƙwayar da za ta kira jinin, da wata da zan sha bayan ya zo don ƙwan ya sauka. In bar tsimi da kanwa, in rage zaƙi da maiƙo, in yawaita motsa jiki, in kuma koma ta gan ni bayan 'yan watanni.

Ina ɗaura zane sai na ji muryar Gwaggo daga ƙasa, a hankali, ba irin wadda ta yi wa jandarma ba.

"Ɗiyata, tunda na'urar na kunne, ki duba min nawa."

Na zaci matar za ta yi dariya ko ta ce lokaci ya ƙure, ga layi a waje. Sai ta dubi Gwaggo, ta tambaye ta shekara nawa. Gwaggo ta ce tun kafin a haifi wannan, ta nuna ni. Lokotoron ta shimfiɗa sabon zane a gadon, ta kama ta ta hau. Ta shafa mata abin nan mai sanyi, ta duba ta a tsanake kamar yadda ta duba ni, ba ta gaggauta ba ko kaɗan. Sannan ta ce, "Inna, ke ma ba kowa."

Gwaggo ta ƙura wa talabijin ɗin ido. Ta sauko da kanta, ta gyara ɗaurin zane, ta naɗe tabarma.

"Ashe ni ɗaya nika ta yawo," in ji ta.

Ba ta yi kuka ba. Da muka fito ta zauna a rumfa ta daɗe tana murza goro a hannu ba ta ci ba. Can ta ce mini da a zamaninta akwai wannan talabijin, da ta san abin da za ta nema tun da sauran lokaci. Ta ce in sha maganin nan yadda aka ce, ko da ɗaci ya kai na shayin mazan ƙasar. Sannan ta ce yunwa take ji, a nemo mata sandar burodin nan da ruwan zafi.

Washegari aka zo kan Malam. Shi a zatonsa rakiya ya yi. Sai lokotoron ta ce shi ma sai an auna shi, domin gona da iri duka ake dubawa. Wani ma'aikaci ya miƙo masa 'yar kwalba ya nuna masa wani ɗaki. Malam ya ce ai fitsari ba wuya. Mutumin ya matso ya raɗa masa cewa na fitsarin daban, wannan ta wani abu ce. Na ga kunnuwan Malam sun yi ja duk baƙinsa. Gwaggo tana zaune a benci dab da su, ta ji komai, sai ta tashi ta ce za ta je ta ga ko Buzuwar nan ta tafi, ta yi waje tana tari. Malam ya tsaya da kwalba a hannu, ya dube ni. Na ce in ba zai iya ba mu tafi gida, ba komai. Ya ce ni an kwantar da ni an duba har hanjina ban gudu ba, shi ne zai gudu don kwalba? Ya shiga. Wannan maganar tasa, ko ba a samu komai a tafiyar ba, ni ta ishe ni.

Sakamako ya fito irinsa lafiya lau, sai dai an ga tsargiya a fitsarinsa, ta ruwan fadama, wadda ya daɗe yana gani yana cewa zafin rana ne. Aka ba shi manyan ƙwayoyi ya haɗiye a gabansu. Gwaggo da ta ji an auna namiji a kan haihuwa, ta ce wannan al'ada ɗaya dai ta yarda a ɗauko ta a kawo Maiyama, a fara da wasu da ta sani.

Komowa ba ta yi wuya ba. Mun sake kwana a Ƙonni, Hajiya Rabi ta cika mana jaka da zogale da burodi, Alhaji Illa kuma ya rama wa Malam da rabin buhun tasu albasar. Burodin ya kakkarye a motar Illela, shi ya sa wanda na raba muku guntu-guntu ne, ba rowa na yi ba. A tashar Jega muka rabu da Gwaggo. Da kwandastan Maiyama ya ce ta matsa, sai na ga ta buɗe baki, ta rufe, ta matsa.

Abin da na fi tsoro duk tafiyar shi ne gaya wa Inna. Mun iso bayan la'asar, na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na zaci ba ta ji ba. Sai ta ɗaga kai ta dubi turken da ke bayan rumbu, inda wani ɗan rago fari yake ɗaure. Ashe tun da ta ce ciki ya kwanta ta sayo shi daga Sabiyal da kuɗin ƙuli-ƙulinta, take ba shi dusa da harawa, ta ce wa kowa na layya ne. Ranar na san na suna ne. Malam ya ce in ta so a kai shi kasuwa, tunda abin da sauran lokaci.

"A bar shi," in ji Inna. "Rago bai san lissahin wata ba. A ci gaba da ba shi dusa."

Na sha ƙwayar yadda aka ce. Ba a daɗe ba jinin ya zo, kuma ban taɓa zaton mai neman haihuwa za ta yi murnar fashin salla ba, amma har guɗa na kusa yi a bayan gida. Na wata na biyu ma ya zo a kan lokacinsa. Ciki dai babu tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba, bayan an kwashe albasa za mu koma ta sake dubawa. Ragon kuwa ya yi ƙiba har ya fara raina mutane, igiya ba ta riƙe shi. Jiya ya tunkuyi Malam a zaure ya zubar masa da buta. Saboda haka wadda za ta shigo aron rariya, ta yi sallama da ƙarfi, ta kuma bi ta jikin bango.